Buhun Garin da Ya Zo Ba Wasiƙa

Tsomo, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Nozibele,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da jikokinki da ƙafarki mai ciwo, in har yanzu tana yi. Ina zan sani? Shekara tara ke nan ina aiko miki wasiƙa Cape Town kina turawa ƙarƙashin katifa. Ni ban saci keken ɗinkinki ba. Ɗana Lungisa ne ya sace ya sayar ya sha ƙwaya. Ko a ramin zinariya na Welkom, in mutum ya yi kira, ramin yakan amsa masa.

To, Lungisa ya dawo! Sun yi masa sakin talala bayan shekara bakwai a kurkuku. Ya yi ƙiba, idonsa ya washe, da na gan shi sai da na ce hayaƙi ne ya shiga min ido.

Amma da sharaɗi. Ba zai bar gundumar nan ba. Kowace Talata zai je gari zaman masu barin ƙwaya, ya yi musu fitsari a kwalba su gwada. Giya kuwa, ko ɗigo ɗaya ya taɓa, zai koma ya ƙarasa shekara huɗun da suka rage.

Nan ne rigimar. Kin san wanda ya fito daga kurkuku sai an yanka masa akuya a garke, an dafa giyar dawa, ya kurɓa kakanni su karɓe shi. Mai kula da masu barin ƙwayar, wata Mama Dlulane, wadda na girmi ubanta, ta ce ba za a yi ba. Na ce, "'Yata, kakannina ba su sa hannu a takardarku ba." Ta ce, "Amma kai ka sa, Baba, da babban yatsanka."

Ke ce goggonsa, dafa giyar nan aikinki ne. Ki zo.

Yayanki,
Zwelinjani

Tsomo, 19 ga Maris

Nozibele,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki, ko da yake ba ki cancanta ba. Direban motar haya ya sauke min buhun garin masara, ya ce daga wajenki. Na zazzage shi har ƙasa, babu ko layi ɗaya na rubutu. Kuma kin manta da tsiron dawa. Da me za a yi giya babu tsiro? Tsufa ya kama ki.

Ran Talata na sa kwat ɗina na bi Lungisa gari don in ƙarasa faɗa da matar nan. Ashe ranar iyalai ce. Suka zaunar da ni a da'ira, aka ba ni shayi da biskit biyu. Aka ce kowa ya faɗi inda abin ya faro masa. Lungisa ya miƙe ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ranar wani yanka a gidanmu, babansa ya miƙa masa gwangwanin giya ya ce, "Sha ka zama namiji."

Na yi niyyar in ce ƙarya ne. Na tuna gwangwanin, Nozibele, har lanƙwasar da ke bakinsa. Ban ci biskit ɗin ba.

Yayanki,
Zwelinjani

Tsomo, 8 ga Afrilu

Ƙanwata Nozibele,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk gidanki. Yau bakina ba ya rufuwa, ki gyara zama.

Sai da na yi kwana uku ina hararar buhunki kafin na gane ba mantuwa kika yi ba. Gari babu tsiro ai amarhewu kike nufi, kunun tsamin da ba ya sa maye. Muguwa! Da kin rubuta, da ban zage ki ba.

Matan maƙwabta suka dama tukunya uku. Ranar Asabar dattawa suka cika garke, suna leƙa tukunya suna yatsina fuska. Ɗaya daga cikinsu, Gcinikhaya, wanda bai taɓa zuwa biki don Allah ba, ya ce, "Zwelinjani, kakanninka jarirai ne da za ka ba su kunu?" Na ce, "Ubana ya yi shekara biyar na ƙarshe likita ya hana shi giya, wannan kunun yake sha. Shi ne ke gaba a layinsu. In akwai mai ƙorafi a can, ya same shi."

Sai aka kawo akuyar. Kin san in akuya ba ta yi kuka ba, kakanni ba su karɓa ba, kuma garin nan ba zai bar ni in manta ba. Na ɗora mata mashi. Ta yi shiru. Gcinikhaya ya fara gyaran murya. Sai ta ɓarke da kukan da aka ji har bakin kogi! Garke ya ɗauka, "Camagu!", kirarin godiya ga kakanni. Mata suka rangaɗa guɗa. Lungisa ya sha kununsa, ya durƙusa yana kuka, ni kuma hayaƙin nan ya sake samuna. Gcinikhaya kwano huɗu ya sha.

Talata aka gwada fitsari, fes. Ni ma na ajiye giya, amma saboda cikina ne, kada ki ɗauka wata Dlulane ce ta sa ni.

Saura abu ɗaya. A zamansu an ce kowa ya nemi gafarar wanda ya cuta, kuma sunanki ne na farko. Ba shi da izinin zuwa Cape Town. A kurkuku ya koyi ɗinki, ga siket nan a ƙunshi, shi ya yi. In ya yi miki yawa, laifinki ne, ba mu san girmanki yanzu ba.

Kin san ban taɓa shiga aji ba. A da yaran maƙwabta nake sawa, amma wasiƙun nan uku Lungisa ne ya rubuta min. Da na ce ya rubuta "ya sace", bai canza ko harafi ba. Yanzu haka shi ke riƙe da biro.

Na ji amsar buhu. Ba ta ishe ni ba. Ki ɗauki biro, Nozibele, ko ki hau mota. Ki amsa min, ki amsa masa.

Yayanki da ba ya gajiya,
Zwelinjani