Motar Ungozoma

Ludlow, watan Afrilu.

Zuwa ga mijina Trevor,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi da sauƙi. Yaya ƙafar da hannun? Ma'aikaciyar jinya ta ce tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same ka magana a waya tana gajiyar da kai, amma karatu ba ya ba ka wahala, shi ya sa na koma takarda. Ni lafiyata lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Ɗanmu Howard ya zo ranar Lahadi. Bayan ya cinye rabin kek ɗin tuffa sai ya kawo maganar motarka. Ya ce, "Mama, tsohuwar MG ce ba inji a cikinta, ga Baba a kwance. Akwai mai so, a rabu da ita kawai." Ba mugunta ba ce, tausayina yake ji. Na ce masa mai ita yana raye, kuma bai ce a sayar ba.

Da ya tafi na buɗe garejin. Injin yana kan tebur yadda ka bar shi, sifanunka a jere, har da kofin shayinka da ya bushe. Ka san yawan mitar da na yi a kan motar nan tun ranar da ka jawo ta daga rumfar kajin manomin can, kashin kaji har kan sitiyari. Amma da na ga koren fentin da ka gama fesawa yana sheƙi, sai na kasa rufe ƙofar. Na kira Clive makaniki. Ya zo ya zagaya motar, ya ce aikin da ya rage bai kai wanda ka yi ba, zai riƙa zuwa bayan ya tashi daga aiki.

Ka ci abincin asibitin ko ba daɗi.

Matarka,
Beryl

Ludlow, watan Mayu.

Trevor nawa,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka barka da fara takawa da sanda. Allah ya ƙara sauƙi.

Ka daɗe kana son sanin wanda ya fara mallakar motar. To, mun same ta, mace ce. Clive ya nuna wa mahaifiyarsa hoton motar, tana ganin lambar ta ce, "Ai wannan motar ungozoma ce." Sunanta Enid Pargeter, tana nan da ranta a wani ƙauye kusa da Clun, ta haura tamanin. Clive ya kawo ta gidanmu jiya, bayan ya gama mayar da injin cikin motar.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta ce sabuwa fil ta saye ta tana budurwa, duk da faɗan mahaifinta, saboda gonakin da take zuwa karɓar haihuwa suna da nisa kuma jarirai ba sa jira. Jakar aikinta ce ke zama a kujerar gefe. Da ta yi aure yara suka zo, kujera biyu ta yi kaɗan, sai ta sayar wa ɗan manomin nan. Shi kuma ya more ta har ta gaji, ya tura ta rumfa ya manta.

Clive ya tsaya yi mata dogon bayani a kan kafireto, ta katse shi: "Kai, ni na karɓi haihuwarka. Tun ranar bakinka bai rufu ba. Tayar da ita mu ji." Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta kama. Trevor, tagogin kicin sai da suka girgiza. Enid ta ɗora tafin hannunta a kan bonet.

Yanzu ga maganar da nake ta kewayewa. Na san likita ya gaya maka ƙafar hagun ba za ta ƙara taka kuloci ba, na kuma ga fuskarka ranar da na zo dubiya. Da na faɗa wa Enid, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke fa, me ya sami taki ƙafar?" Na ce ban taɓa tuƙa mota mai giyar hannu ba, kuma na kusa saba'in. Ta ce, "Yarinya ce ke."

Ban amsa mata ba tukuna. Tsoro nake ji, kada in lalata maka aikin shekaru.

Taka,
Beryl

Ludlow, watan Yuli.

Masoyina Trevor,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu 'yar takardarka. Na san wahalar da hannunka ya sha kafin ya rubuta "Ki gwada," kuma na gwada.

A filin kasuwar dabbobi muke koyo, ranakun da ba ta ci. Enid tana gefe da gyalenta ɗaure a haɓa, tana ba da umarni kamar sajan. Ranar farko motar ta yi ta mutuwa a hannuna har na daina jin kunya. Giya ta yi wata ƙara da na tabbata ka jiyo daga asibiti. Na kuma goge ƙofar hagu da shingen tumaki, gara ka ji daga bakina. Clive ya ce zai shafe wurin, Enid ta ce ita ta yi wanda ya fi wannan muni a shekararta ta farko.

Ranar Talata muka hau titi sosai, rufin a buɗe, har gangaren Clun. A hawan nan mai tsayi na sauya giya ba ƙara ko kaɗan. Enid ta ce, "Yauwa," kuma a wurinta wannan babban yabo ne. Wani dattijo a bakin hanya ya cire hularsa ya ɗaga mana, na rasa ko motar yake gaisarwa ko mu. Howard ya zo ya gani da idonsa, ya zauna a ciki ya ƙi fitowa. Bai sake maganar mai saye ba.

Likitanka ya yarda ka fita yawon awa ɗaya ranar Asabar. Clive ya ja kujerar gefe baya don ƙafarka ta miƙe, ya ƙara maka abin riƙewa a ƙofa. Ka sa rigar sanyi mai kauri, ka tsaya a bakin ƙofar asibiti da hantsi. Za ka ji mu kafin ka gan mu.

Na san ba haka ka tsara ba. Kai ka so ka tuƙa, ni ina gefe ina riƙe da hulata. To, mun yi musaya. Duk kuskuren da na yi a hanya ka faɗa mini, da bakinka, komai daɗewar da kalmar za ta yi kafin ta fito. Zan rage gudu in jira ta.

Matarka mai ƙaunarka,
Beryl