Wanda Ya Amsa Sunan Sama'ilu

Zuwa ga ɗana Balarabe a Fatakwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Bagwai alhamdu lillahi, sai dai daminar bana ta yi gardama. Geronmu bai cika dami goma ba, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ƙafar Larai ta yi sauƙi, Zuliha kuma ta sauka, an samu mace.

Basiru na wajena ya isar mini da saƙonka. Wai in naɗe lambar soja da takardar sallama da ke akwatin Babana in ba direba ya kai maka, za ka sa su a gilashi ka rataye a falo. Ya ce har ka miƙe a taron 'yan Arewa ka ba da labarin yadda kakanka Sama'ilu ya yi yaƙin Bama, aka yi ta tafa maka. Balarabe, tun rasuwar Baba ban ji ɓacin rai irin na ranar nan ba. Tuwo ma kasa ci na yi.

Na san sunan Sama'ilu ka gani a takardar lokacin da ka zo sallah. To bari gwaggonka ta gaya maka yadda aka yi sunan ya hau. Shekarar da Turawa suka ce kowane dagaci ya kawo samari, Sama'ilu aka rubuta a gidanmu, don shi ne babba. Ranar da 'yan doka suka zo, aka neme shi sama da ƙasa aka rasa. Yana cikin rumbun dawa a ƙudundune, an mayar da jinka an rufe. 'Yan doka suka ce in bai fito ba, da tsohon, mahaifinsu, za su tafi. Sai ga ƙanin Sama'ilu, Ɗan Iya, Babana, ya dawo daga gona, shekararsa sha shida, ko gemu bai fara ba. Ya ajiye fartanya ya ce shi ne Sama'ilu. Shekara huɗu ya yi yana amsa sunan wansa a dajin da ruwa ba ya ɗaukewa.

Ya dawo da kunne ɗaya a toshe, ƙafafunsa duk gyambo. Ya tarar tsohon ya rasu, an raba gandu. Kakanka ya riƙe fadama da gonar bakin hanya, Baba kuwa aka bar masa fakon bayan gari, wai an ɗauka ya mutu. A fakon nan muka tashi. Tun rani yake jigilar taki a jaki don ƙasar ta yarda ta ba mu abin kaiwa baki. Shekarar da aka yi fari mun ci dusa da tafasa, ƙofar kakanka tana kallon tamu, ko kwano ɗaya bai ƙetaro ba. In mafarauta suka buga bindiga, Baba zubewa yake yi ƙasa yana kare kai, yaran gidanku har da ubanka suna ƙyalƙyala dariya suna kiransa Bama.

Bai taɓa tona maganar rumbu a waje ba, mu ma ya hana mu, ya ce asirin ɗan'uwansa ne. Na riƙe fiye da shekara hamsin, kuma da ba ka je kana karɓar tafi da wahalarsa ba, da da ita za a binne ni. Kai da ko sau ɗaya ba ka taɓa tambayar inda kabarinsa yake ba!

Lambar tana nan, ba inda za ta. Ka koma gaban mutanen da suka tafa maka ka faɗi sunan wanda ya je. In kuwa dole sai ka ajiye wani abu na kakanka a falo, rumbun ya rushe tuntuni, amma duwatsun da yake zaune a kai suna nan bayan ɗaki. Ka turo direban, zan sa a loda maka su.

Ka gaida Asiya da Hadi da sauran yaran, su ba su yi mini komai ba. Larai da Basiru suna gaishe ka.

Ni ce gwaggonka,
Hure 'yar Ɗan Iya, wanda ya je.