Sunan da Na Kira a Kan Tudun Rairayi

Assalamu alaikum, Malam.

Ina gaishe ka da kwanciya, Allah ya sa makwancinka ya fi soronka haske da yalwa. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba, tunda da boko na rubuta, ajiye ta za ka yi a gefen buzu ka ce a bari yara su dawo su karanta maka. To abin da ke cina ba na kunnen yara ba ne, shi ya sa na ɗauki biro da kaina.

Gida lafiya lau. Unguwarmu Soron Ɗinki tana nan yadda ka bar ta. An gyara indararon nan da kullum kake cewa sai bayan damina. Manyan ɗalibanka suna zuwa soro bayan la'asar su yi bita, amma har yau babu wanda ya yarda ya zauna a kan buzunka.

Ni ce dai na yi abin kunya, Malam, kuma duk dangi sun gani.

Bayan na fita takaba, autarmu Hafsatu ta matsa sai na je wurinsu Dubai na huta. Ni da in ban da aikin Hajji ko Wudil ban taɓa wucewa ba! Na ƙi, ta yi ta kuka a waya, na tafi. Ana gobe zan dawo mijinta ya ce ba zan bar ƙasar ba sai na ga sahara. Na ɗauka tsayawa za mu yi daga nesa mu kalla mu ce Masha Allah. Ashe mota ya kama haya, irin wadda ake hawa tuddan rairayi da ita. Ba ƙofa, ba gilashi, sai ƙarafa kamar akurkin kaji, ga tayoyi manya-manya. Masu hayar suka kifa mini hular kwano a kan hijabi, suka ɗaure ni da bel tamau a kujerar baya. Ka taɓa tsammanin matarka za ta zauna a bayan surukinta da hular 'yan acaɓa a kai? Tun a nan ya kamata in ce a sauke ni. Kunyarsa na ji, na gyara zama.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko na ji daɗi. Iska tana kaɗa ni, rairayi ja wur har inda ido ya ƙare, na tuna labarin da kake ba mu na garin kakanninka a arewacin Borno. Har dariya na yi, irin wadda rabona da ita tun kafin ka kwanta ciwo.

Sai muka hau wani tudu mai tsawon gaske. Da muka kai ƙololuwa, gaban motar ya leƙa ƙasa, ban ga komai a gabanmu ba sai sarari. Motar ta sulale, ta karkace gefe guda, na tabbata kwanana ya ƙare. A nan ne na buɗe baki na ƙwala kiran sunanka.

Sunanka na yanka, Malam. Wanda aka raɗa maka ranar suna. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ban taɓa furta shi ba. Ko a asibiti da aka tambaye ni sunan mijina, shiru na yi sai da ƙanwata ta faɗa. Jikanmu da ya ci sunanka Halifa nake ce masa. Amma ran nan na kira shi gatsal, ba Malam, ba Alhaji, har sau biyu, da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba, a bayan ƙeyar surukina.

Motar ba ta kife ba. Ashe haka ake wasan, mutane kuɗi suke biya don a tsorata su. Muka sauka lafiya, mijin Hafsatu bai ko waiwayo ba, Allah ya yi masa albarka. Na ce a raina ƙila ƙarar inji ta rufa mini asiri. Ban san masu hayar sun maƙala kyamara a jikin ƙarfen motar ba, wai duk yana cikin kuɗin hayar. Hafsatu kuwa, ka san ta da rawar kai, ko gama kallo ba ta yi ba ta tura bidiyon zauren dangi na waya. Kafin in sauka a Kano, daga Shahuci har Maiduguri kowa ya ji.

Ƙanenka Alhaji Bukar da ya zo sannu da zuwa, bai ko gama zama ba ya ce ashe dai na san sunan, su duk zatonsu ba a taɓa gaya mini ba. Jikoki mata suna kwaikwayona a tsakar gida da kwanon sha a kai. Bikin gidan maƙwabta ban leƙa ba, na ce ƙafa ke ciwo.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Sau nawa ka gaya mana cewa abin da harshe ya saba da shi, shi zai fito ranar da rai ya zo maƙogwaro? Kai da kanka, a kan idona, da kalmar shahada ka cika. Ni kuwa da na ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ban ce La'ilaha illallahu ba, ban yi salati ba, kai na kira. Da motar ta kife fa? Da me zan tashi? Kuma harshena bai saba da sunan ba, to daga ina ya fito? Wa zan tambaya, alhali duk malaman unguwar nan a gabanka suka durƙusa suka yi karatu? Na yi istigfari, ina kan yi. Yanzu ko tuntuɓe na yi sai na ja kalmar shahada, ina koya wa bakina kamar yarinya.

Shekaranjiya yayarka Yaya Falmata ta sa aka kawo ta a a-daidaita-sahu, ita da ba ta fita. Da na ji sallamarta na ce yau zan sha faɗa. Ta zauna, ta kori yara, ta ce in kunna mata abin. Na kunna, kaina a ƙasa. Ta ce in maimaita. Da aka zo wurin, sai na ga ta kara wayar a kunnenta tana goge ido da bakin mayafi. Ta ce tun rasuwar Innarku ba ta ƙara jin an kira ka haka ba, kowa Malam, kowa Baba, har ita kanta. Sannan ta harare ni ta ce amma dai ban kyauta ba, mace da girmanta, in nemi gafarar Allah. Da za ta tafi ta ce a tura mata a wayarta.

Hafsatu ta bugo tana ba ni haƙuri, ta ce za ta sa kowa ya goge bidiyon. Na ce ta yi. Nawa ne ban goge ba. Idan gida ya yi tsit nakan tura ƙofa in saurara, kunya kamar in nutse, sannan in sake kunnawa.

Ka yafe mini, Malam. Shekarun nan duk da muka yi, da na san haka sunan yake da daɗi a baki, da na faɗa maka shi sau ɗaya a hankali, mu biyu a ɗaki, ka ji da kunnenka. A takardar nan ma na gwada rubuta shi, hannuna ya ƙi.

Allah ya jiƙan ka, ya sa idan tawa ta zo in cika da abin da ka cika da shi. Ka huta lafiya.

Ni ce wadda kake yi wa gyaran murya daga soro ta taso,
Binta.