Hotunanku a Shagon Mai Gida

Fatakwal

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Yaya gwiwar Baba? Yaya Sharifa da karatu, da mutanen Dogo Tebo baki ɗaya? Direban motar shanu ne zai kawo muku wannan takarda.

Na tare a ɗakin da na kama haya. Allah ya saka muku da alheri da kuka tsaya mini. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi ritaya, sannan ya sa hannu cewa in ɗansa ya gaza, shi za a nema. In sha Allahu ba za a taɓa kiranku ba. An rage mana ranakun aiki, amma sun ce na ɗan lokaci ne. Rufin yana yoyo kaɗan, na matsar da katifa, shi ke nan.

Mai gidan yana manna hotunan waɗanda suka tsaya wa 'yan hayarsa a bangon shagonsa. Naku suna saman firji. Kullum da safe sai na shiga na sayi abin da ba na buƙata, har ashana ta cika mini taga. Shi kuwa sai yabona yake, wai na iya gaisuwa.

Baba, kun rame. Inna, yaushe kuka fara sa tabarau? A waya kullum "lafiya lau" kuke ce mini. To, ni ma haka nake ce muku.

Don Allah ku ɗauki wani hoton tare, a gindin dalbejiyar tsakar gida, ku ba direban. Ku sa ni a addu'a. Ranar Lahadi mai gidan ba ya buɗe shago.

Ɗanku,
Ikrama