Hannunka a Kan Kwalbatin Kebbe

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Mai Zobe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uba, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Baba, Yaya Sani ya ce in rubuta tarihin kamfani, tunda ni ce aka kashe wa kuɗin jami'a. Zai yi taro, za a kafa rumfuna, za a raba kalanda mai hotonka. Na zauna in rubuta, sai na ga kai ya kamata ka fara ji.

Tarihin ai gajere ne. Ka fara da zoben rijiya a bayan gidanmu na Tambuwal, da abin zubi na aro da shebur mai karyayyar ƙota. Inna ce mai ban ruwa, safe da yamma, har siminti ya kama. Daga zobe ka koma bulo, daga bulo sai kwalbati da turakun wuta, har ƙananan hukumomi suka san hanyar gidanmu.

Ba ka taɓa yin tambari ba. Ka tsaya a kan kwaɓi da kanka, in ka gamsu ka danna tafin hannunka a jikin ɗanyen siminti. Yatsu huɗu da guntu, saboda manuninka da ƙarfen zubi ya datse tun kafin a haife ni. Mutanen Jabo ba sa cewa a ba su zoben kamfani kaza. Cewa suke a ba su mai hannu.

Ranar da na roƙe ka in sa nawa, ina ƙarama, ka riƙe wuyan hannuna ka ce, "Ɗiyata, ba a aza hannu bisa abin da ba a iya amsawa. Hannun ga shi ka ba da shaida gobe kiyama."

To, a makon jiya na tafi Kebbe gaisuwar rasuwa. A hanya muka tarar kwalbati ya rufta da a-kori-kura cike da buhunan dawa. Direban ya karye a ƙafa, hatsin yana cikin laka. Na sauko daga babur na leƙa, irin leƙen kowa.

Baba, hannunka na gani. Yatsu huɗu da guntu, a jikin gutsuren da ke marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Bara aka sa kwalbatin nan. Kai kuwa ka daɗe a makwancinka kafin a share hanyar ma.

Wani dattijo a gefena yana girgiza kai, yana cewa ashe aikin Alhaji ma ya lalace. Bai san ni ba. Na koma kan babur ban gyara masa ba. Ni da ake cewa bakina ya fi almakashi.

Da na dawo na wuce filin zubi kai tsaye. Ga shi a rataye a ƙusa, kusa da cokulan magina: hannunka na alminiyom, an yi masa mariƙi na katako. Sun kwafo shi daga bakin rijiyar gidanmu, zobenka na farko, suka kai wa masu zubin tukwane. Duk wanda ya gama kwaɓi, ko yashi ya fi siminti sau nawa, ya ɗauko ka ya danna.

Yaya bai ko ji kunya ba. Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mai digiri, cewa sunan abin nan tambarin kasuwanci, kuma duk duniya haka ake yi. Ya ce siminti ya yi tsada, masu ba da kwangila kuma hannu suke nema, ba ƙwari ba. Har ya ce albarkarka ce muke ci. Ban san albarka tana da mariƙi ba.

Na sauke shi daga ƙusar. Sanyi gare shi, Baba. Naka kullum da ɗumi, da kaushi, yana warin siminti ko ranar Juma'a.

Na faɗa wa Yaya zan rubuta tarihin, har da hanyar Kebbe, in kuma karanta da bakina a gaban baƙinsa. In ba ya so, ya biya wa direban nan magani, ya sake kwalbatin. Ya ce zai iya sa a zuba wani hannun gobe. Na ce ba sai ya wahala ba, ai yana da biyu, lafiyayyu, yatsu cikakku. Ga ɗanyen zobe nan a gabanmu, na ce bismillah, ya aza.

Ya dubi zoben. Ya dubi tafinsa. Sai ya zura hannuwan biyu a aljihu.

Naka na alminiyom yana wurina, na naɗe shi a tsohon rawaninka. Ba zai ƙara yin shaidar abin da bai gani ba.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ya sa kowace rijiya da ka ɗaure ta zame maka ruwan sanyi. Ya kuma raba ka da abin da aka danna da sunanka bayan ka tafi. Amin.

Ɗiyarka,
wadda ka riƙe wa hannu.