Neman 'Yar Fari a Birnin Riyo

Juma'a, 3 ga Rajab, 1268

Na sauka Riyo, birnin sarkin Barazil. Ba ganuwa, ba ƙofa, to ta ina mutum zai ce ya shigo? Tun da na sami 'yanci a garin Bahiya aka ce mini nan aka sayar da yarinyar nan, wadda aka kama mu tare muna kiwo a dajin Kakangi. Jirgin masu komawa Ikko zai tashi Lahadi ta sama. Ina so mu shiga tare.

Asabar, 4 ga Rajab

Na tare mutane in tambayi hanya. Kafin in gama gaisuwa sun yi gaba.

Litinin, 6 ga Rajab

A dajinmu dutse ɗaya nake sa wa ido, ya mai da ni ruga. Nan ma na zaɓi wani dogo a bakin teku. Na shiga lungu na fito, sai ga duwatsu ko'ina, kowanne da tarin gidaje a gindinsa. Na wuni ina dawowa bakin coci ɗaya. Ko dai coci biyu ne masu kama? Ban sani ba.

Allah ya haɗa ni da Mu'azu, wani tsoho Bazazzagi mai dakon buhunan gahawa. Ya ba ni tabarma, na gaya masa wadda nake nema. Ya ce, "Malam Jumare, yaya sunanta?" Na ce doguwa ce, da tabon ƙaho a haɓa. Ya sake tambaya. Na ce 'yar fari ce. Ya yi dariya har da tari. "Kai Fulani! Ka ƙetare teku da kunyarka a ka?" Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, shi ma ya sani. Ban taɓa ba, ko a ranar suna.

Laraba, 8 ga Rajab

Mu'azu ya tura ni cikin wani keken alfadarai mai ɗaukar mutane da yawa, wai ya fi ƙafa. Muna wuce wani wurin ɗibar ruwa sai na gan ta. Wallahi ita ce, da tulu a ka, tafiyar uwarta sak. Na buɗe baki, abin da ya fito "Ke!" ne kawai. Mata da yawa suka waiwayo, ban da ita. Ban san yadda ake tsai da keken ba. Da na diro, hanyar ta rabu uku.

Na tsani kaina yau.

Alhamis, 9 ga Rajab

Wuraren ɗibar ruwa sun fi a ƙirga. Ƙafafuna sun kumbura. Na yi azahar ban tabbatar da gabas ba.

Juma'a, 10 ga Rajab

Mu'azu ya ce sun canja mata suna tabbas, amma na yanka ba ya fita daga kunne. Na ce abin da bai kamata ba, bai kamata ba. Ya ce to in shiga jirgi ni da kamata.

Lahadi, 12 ga Rajab

Jiya na gan ta, ƙarƙashin wata doguwar gada da ruwa ke bi ta samanta. Tana shirin shigewa cikin taro. Ban san lokacin da sunan ya fita daga bakina ba, kuma da ƙarfi, har wani Bature ya juyo.

Ta sauke tulun. Ta daɗe tana kallona. Hausarta ta kakkarye, amma na ji. "Baba. Ashe ka san shi."

Masu gidan da take ba za su sake ta ba, kuma tana da goyo. Jirgi ya tashi da hantsi, in ji Mu'azu. Ban je ba, ƙafar ce. Gobe zai nuna mini inda ake ɗaukar buhu. Daga masaukinmu, hagu, sannan a miƙe har gadar. Furera tana zuwa ɗibar ruwa bayan la'asar.