Ƙanƙarar Masu Kifi a Kan Jinin 'Ya'yanmu

Zuwa ga Alhaji, mai ofishin fitar da kaya a Bonapriso, Douala.

Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji da iyali. Ni ce 'yar marigayi telan nan na New Bell, wadda ka sani tun tana rarrafe. Sau uku na zo ofishinka ana cewa ka fita, alhali motarka tana ƙofa. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai karanta.

Na farko. Aikina haska jini a na'ura, in ga yadda sinadarin cikinsa ke lanƙwashewa a jikin masu sikila. Shekara biyu ina bin gidajen New Bell da Kassalafam, ina lallashin iyaye mata su bari in ɗebi jinin 'ya'yansu. Na'urarmu ta gaza, dole in aika jinin ƙasar waje. Na tsallake manyan kamfanoni na kawo maka, wai naka sai naka.

Na biyu. Akwatin da na sa jinin cike yake da busasshiyar ƙanƙara mai hayaƙi, wadda ta fi ta firji sanyi nesa ba kusa ba. Na rubuta da Faransanci, na faɗa da Hausa: kada a buɗe, ya bi jirgin ranar. Takardun duwan, wato kwastan, suka kwana uku a teburinka. Ma'aikatanka suka buɗe, suka ce an cuci Madam, wace irin ƙanƙara ce ba ta jiƙa hannu? Suka zubar, suka sayo ta masu kifi suka danna. Kai, sannunku da dabara! Har kirana aka yi a yi mini albishir. Jinin duk ya lalace.

Na uku. Ka aiko cewa ai jini ne, a sake ɗiba. Na rago ka ɗauka? Biyu daga cikin yaran nan sun riga mu gidan gaskiya.

Ba diyya nake nema ba. Ka sa babbar rigarka ka biyo ni gida-gida, ka faɗa wa matan nan da bakinka, don ni na kasa. Jiya uwar ɗaya daga cikin mamatan ta tare ni a bakin famfo, tana tambayar ko jinin ɗanta ya isa lafiya. Na ce mata yana hanya.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya azurta ofishinka da masu karanta abin da ke jikin akwati.

Wassalam.

Malamar kimiyya, New Bell, Douala.